Maginin da ya matsar da dutsen iyaka

Ya 'yan'uwa a cikin Ubangiji, an yi wani mutum, magini ne na gaske. In ya ja igiya ya jera bulo, ba ka ganin karkata ko kaɗan. Duk mai shirin gini shi yake nema.

Gidansa yana manne da na yayansa marigayi. Mahaifinsu ne ya raba musu filin tun yana raye, ya kafa dutse a kusurwa don shaidar iyaka. Matar yayan ce ta rage a gidan tare da 'yarta, da wankau take ciyar da su. A jikin katangar da ta raba gidajen take ɗaura igiyar shanya, a gindinta take zubar da ruwan wanki.

Wata damina katangar ta faɗi. Maginin ya ce kada ta damu, zai tayar da ita kyauta. Har godiya ta yi masa da hawaye. Amma tun yana kwashe ɓaraguzai idonsa ya faɗa kan wajen shanyar nan. Zuciyarsa ta ce masa: ɗan wannan in ya dawo ɓangarenka, ai ɗakin haya ne. Ranar da ta tafi kai kayan mutane, ya tone dutsen, ya matsar da shi cikin gidanta, ya ja igiyarsa daga nan, ya tayar da sabuwar katanga.

Da ta dawo ta daɗe a tsaye tana kallo. Ta ce, "Ƙanen miji, dutsen Baba ba nan yake ba."

Ya yi dariya ya ce, "Matar yaya, ke da sabulu, ni da siminti. Yaushe dutse ya yi ƙafa?"

Ta kai kuka wurin dattawan ikilisiya. Suka zo, ya auna musu daga dutsen, komai ya fita daidai. Wa zai yi gardama da magini a kan awo? Suka ba ta haƙuri suka tafi. Matarsa ta roƙe shi a ɗaki ya mayar wa marainiya haƙƙinta, ya ce ta ji da tukunyarta.

Ya ci nasara, ko ba haka ba? To, ku ji ribar.

Wajen shanya ya ƙare, wanki ya daina bushewa, masu kawo kaya suka janye. Matar yayan ta sayar da gidan, ta kama hannun 'yarta suka koma wurin danginta. Wanda ya saya ya rufe da kwaɗo ya yi tafiyarsa.

Magana kuwa zarar bunu ce, labarin dutsen ya bazu a gari. Duk wanda ya ce zai kira maginin, sai maƙwabcinsa ya ce in dai shi zai ja igiya, bai yarda ba. Aiki ya ɗauke. Matarsa ta tafi duba jika a gidan ɗansu, ba ta dawo ba. Ya daina zuwa majami'a, don yana ganin kowa shi yake kallo. Shi kaɗai yake cin abinci, yana sauraron shirun gidan da dā ake jin bugun wanki da waƙar yarinya.

Duk da haka ya fara ɗakin hayar. Ya san ƙasar wurin ta sha ruwan wanki shekara da shekaru, tana buƙatar harsashi mai zurfi. Amma haƙa mai zurfi sai da leburori, kuma in suka haƙa, tsohon harsashin katanga zai fito kowa ya gani. Don haka ya ɗan karce ƙasa, ya yi ginin shi kaɗai. Kun ga yadda zunubi ke sa gwani ya ci amanar sana'arsa?

Bango ya tsage. Yana kan tsani yana liƙe tsagar da rana tsaka, ginin ya rufto masa, ƙugunsa ya karye. Ya yi ta kira. Ya kira matarsa, ya kira ɗansa, daga baya ya ji bakinsa yana cewa, "Matar yaya!" Gidan a kulle yake. Sai da yamma wani mai sayar da ruwa ya ji nishinsa.

Bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Yana zaune a bakin ƙofa wanda ya sayi gidan yayansa ya kawo masu awon fili, aka haƙa, tsohon harsashi ya fito, aka mayar da iyaka inda take. Ba wanda ya zage shi. Ba kuma wanda ya gaishe shi.

Ya 'yan'uwa, Maganar Allah ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Ta hana mu ƙyashin abin maƙwabci, ta ɗora la'ana a kan mai kawar da shaidar iyaka, ta kuma faɗa mana cewa Ubangiji da kansa yake tsaya wa gwauruwa da maraya. Kana iya rufe bakin dattawa da awo, amma wa zai rufe idon Allah? In akwai abin wani a hannunka, ko taƙi ɗaya ne, ka mayar tun mai shi yana kusa, tun kana da ƙafar zuwa neman gafara.

Allah ya kiyaye mu daga cin haƙƙin maƙwabci, ya ba mu zuciyar gamsuwa da rabonmu. Amin.