Ranau da Rijiyar Gyado

Tun kafin a san hanyar fatake a wannan yanki, wani maharbi mai suna Ranau ya biyo sawun ɓauna kwana tara, har ta kawo shi gindin wani tsauni mai kai biyu. Maroƙa na yi masa kirari: Ranau na Marka, kibiya ɗaya nama goma, dawa ta san takunka. Yamma da tsaunin akwai kurmi mai duhu da idon ruwa a cikinsa. Gabas kuwa faƙo ne, ko ƙaya ba ta son fitowa.

An ce a kurmin ya haɗu da Doguwa, iskar wurin, tsayinta ya kai giginya. Ta yarda ya zauna, bisa sharaɗin kada gatari ya taɓa itacenta. Ya yanka mata baƙin bunsuru, ya kafa bukka, dangi suka biyo shi, wuri ya zama gari, ana ce masa Ranawa.

Bayan shekara talatin, Ranau ya tsufa, idonsa ya mutu. A lokacin ne wani malami, Malam Zubairu, ya sauka da iyalinsa yana neman inda zai koyar da karatu. Aka ba shi faƙon gabas, don ba mai so. A rani na biyu idon ruwan kurmi ya ƙafe. Shanu suka fara faɗuwa, aka binne yara uku a mako guda. Bagudu, mai kula da wurin tsafi, ya tara jama'a ya ce Doguwa ta yi fushi da baƙon, sai a kore shi kafin rana ta faɗi.

Ranau ya ce, "Ku ba ni zuwa azahar."

Ya sa matarsa Marka ta ja masa sanda zuwa bayan tsauni. Can ya durƙusa yana shafa ƙasa, har yatsunsa suka faɗa cikin sawun gyado, wato aladen dawa. Ya shinshina, ya ji danshi. Da rarrafe ya bi sawun, jama'a na biye da shi, har bayan rumfar malamin, inda dabbar ta yi tono. Gaba biyu aka haƙa, ruwa ya ɓullo.

Bagudu ya dubi malamin ya ce, "To Malam, ruwan da alade ya nuna, za ka yi alwala da shi?"

Malam Zubairu ya ce, "Wanda ya halicci aladen shi ya ajiye ruwan. Kowa ya ɗiba."

Nan Ranau ya yanke hukunci: mutanen yamma su sha daga gabas ba mai hana su, mutanen gabas kuma kada su sari ko reshe a kurmi, ko da allo za su sassaƙa. Ranau bai ga damina ta gaba ba.

Garin Ranawa yau unguwa biyar ne. A faƙon nan makarantar allo take, ga firamare da sakandaren 'yan mata a gefenta, duk daga Rijiyar Gyado suke sha. Gidaje bakwai kacal suka rage masu kai bunsuru kurmi. Amma da aka zo yi wa firamare sababbin kujeru, kafinta ya nuna manyan maɗatan da ke tsaye a kurmin, ga su kusa. Limamin gari ne ya ce a'a. Daga wata ƙasa aka ɗauko katako, tafiyar yini guda a mota.