Karen da Ya Yaga Rawanin Sarki

Jama'a, kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya yi mini daɗi, kuma abin kunya, wai a kan kare. Autana Jazuli ya tafi bautar ƙasa, ya bar mini karensa mai suna Ƙyale-su. Tun tafiyarsa, da na ɗauki mayafi sai karen ya hau karkarwa yana kuka kamar an yi masa rasuwa. In na dawo, duk mayafin da na bari a igiyar shanya sai in tarar ya yi masa filla-filla. Zani bai taɓa ba, rigunan Malam bai taɓa ba. Malam, wato maigidana, ya ce ranar Asabar zai ba wani maharbi shi. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma akwai wata hikaya da na ji a bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Sai na zaunar da Malam na ba shi.

An ce wani sarki, mai faɗin ƙasa, mai gajeren haƙuri, yana da wani kare da ya raina tun yana ɗan kwikwiyo. Karen nan ya addabi rawunan sarki da yaga, ana dukansa bai daina ba. Rannan sarki yana shirin fita rangadi, aka shimfiɗa masa rawanin da ya gada daga mahaifinsa. Kafin ya miƙa hannu, kare ya yi tsalle ya cafke rawanin, ya keta shi gida biyu.

Sarki ya ce, "A kashe shi."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a taɓa yanke hukunci a fadar nan ba a ji ta bakin mai laifi ba. Wannan kuwa ba shi da baki. A nemo mai yi masa magana."

Aka zo da wani tsoho mai hikima da ke zama gindin tsamiya a bayan gari. Ya dubi rawani, ya dubi kare, ya ce, "Ya sarki, a ɗakin nan akwai alkyabba?"

"Akwai."

"Akwai darduma, da takalman fata irin waɗanda karnuka ke son tauna?"

"Akwai."

"Ya taɓa su?"

"Ko sau ɗaya."

Tsoho ya ce, "Mai ɓarna ba ya zaɓe, mai gaba ne ke zaɓe. Ya sarki, wane ne yake zuwa da safe, ya hau kanka, ya fita da kai daga gida, kana ji kana gani?"

Sarki ya fusata, ya ce, "Ba a haifi mai hawa kaina ba!"

Tsoho ya ce, "Saƙa shi aka yi, ya sarki, ga shi nan a yage gabanka. Karen nan bai san sarauta ba, bai san gado ba. Abin da ya sani, duk ranar da farin ƙyallen nan ya naɗe kanka, to, an sace masa kai. Dogaranka suna kallon ɓarawon suna yi masa kirari, karen nan kaɗai ya tare shi. In ka dawo, da me kake saka masa?"

Sarki ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Da bulala."

"Fitarka baƙin ciki, dawowarka azaba. Ta wace ƙofa natsuwa za ta shigo masa?"

Sarki ya sunkuyar da kai, ya tambayi magani. Tsoho ya ce, "Ka naɗa rawani ka zauna, ba inda za ka. Ka naɗa, ka je bakin ƙofa, ka dawo. Ka yi ta yi, har ya gane ɓarawon nan yana mayar da abin da ya ɗauka."

Haka sarki ya yi ta yi, fadawa suna ɓoye dariya cikin hannun riga, har kare ya zamo in ya ga rawani sai ya yi hamma ya kwanta. Sarki ya tara alƙalansa ya ce, "Daga yau, kafin ku tambayi mai laifi abin da ya ɓata, ku tambaye shi abin da yake tsoro. Hukuncin da bai san tsoron mai laifi ba, fushi ne ya yi naɗi."

Na gama ina jiran Malam ya sunkuyar da kai kamar sarki. Sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ladidi, hikaya ta yi daɗi, amma Asabar tana nan. Kuma na gane abin da ya sa kike kare shi, halinku ɗaya. Wa ya ɓoye jakar Jazuli bayan buhun masara ranar da zai tafi?"

Na ce, "Ni dai ai ban tauna ta ba."

Ya ce, "Kaɗan ya rage."

Duk da haka na kama maganin tsoho. In yafa mayafi, in je bakin ƙofa, in dawo in zauna, in sake tashi. Shekaranjiya maƙwabciyata Maman Ikilima ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Ko a kira mai ruƙiyya?" Amma jiya da na yafa, Ƙyale-su bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da ake wa wadda ake tausayi.

To ga Asabar ta matso, ga Jazuli kullum ya kira, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi ta karensa, ni kuwa ban gaya masa komai ba. Don Allah ku ba ni shawara: in tona wa yaron zancen ya roƙi ubansa da kansa, ko in ci gaba da sintiri a tsakar gida ko Malam zai ga canji ya sassauta? In kuma akwai wanda ya san maganin uwar da ke karkarwa in ta ga jakar tafiya, ya haɗo mini da shi.