Ranar da Kura Ta Zauna a Kan Gurasa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, da zafinta.

To ku matso, amma ban ce ku shige murhu ba. Kai Ɗanliti, janye ƙafarka daga garwashin nan, kada ka ja min magana wajen ubanka.

Wai wata shekara Raƙumi ya gangaro daga Azbin da kaya niƙi-niƙi, ya sauka a gidan Kurege. Ranar da zai wuce kasuwa ya kwance taiki, ya cika faifai da cuku. Cuku dai kun san shi, madara ce ake daskarar da ita, a shanya ta bushe fale-fale.

Raƙumi ya ce, "Mai masaukina, ga tsaraba. Ka raba wa maƙwabta kowa ya taɓa. Kura ce babba a unguwar nan, ita za ka fara kai wa."

Kurege ya ce, "Haba, ko ba ka faɗa ba. Allah ya kiyaye hanya."

Raƙumi na ba da baya Kurege ya ja ƙyaure. Ya gatsi cuku, haƙori ya ce ƙas. Ya jiƙa shi a madara mai ɗumi har ya yi laushi, ya ɗanɗana, ya ce, "Da saura." Ya leƙa kasuwa, ya tarar da mai gurasa 'yar Jakara tana cacar baki da mai koko, ya yi awon gaba da kwandonta. Ya biya ta ruga, ya iske Bafulatana tana sallah, ya kwashe man shanun da ke cikin ƙwarya. Allah ya shirya, tana sallah fa!

Ya dawo ya hura wuta, ya ɗora kasko, ya jefa man shanu ya ce cuuu. Ya tsaga gurasa biyu, ya shimfiɗa cuku a ciki, ya barbaɗa yajin ƙuli, ya rufe. Ya sa a kasko, ya danne da ɗan dutsen niƙa. Gefe ya yi ja, ya juya. Wancan gefen ya yi ja, ya sauke. Da ya gatsa, waje ƙurus-ƙurus, ciki kuwa cuku ya narke yana bin baki kamar zare.

Kurege ya lumshe ido ya ce, "Wannan rabona ne." Ya gasa wata ya ce, "Wannan rabon Zomo ne, amma Zomo na fama da ciki." Ya cinye. Ya gasa wata ya ce, "Wannan rabon Bushiya ne, amma Bushiya ba ta san daɗi ba." Ya cinye. Haka ya bi unguwa gida-gida bai fita daga zaurensa ba, har ya rage cuku ɗaya, gurasa ɗaya.

Ashe Kura ta gamu da Raƙumi a hanyar kasuwa. Ya ce mata, "Hajiya, tsarabar ba yawa, a yi haƙuri." Ta ce, "Wace tsarabar?"

Kurege ya ɗora gurasar ƙarshe ke nan sai ya ji an bangaje ƙyaure. Nan da nan ya shure ɗan dutsen niƙa ya gangara bayan randa.

Kura ta tsaya a bakin ƙofa ta cike ta. Ta ce, "Kai ɗan Kurege, ina rabona?"

"Yaya, sannu da zuwa! Yanzu nake cewa in aika a kira ki. Ga shi nan a wuta."

Ta leƙa kasko. "Wannan ɗin? Raƙumi ya ce faifai guda."

"Yaya, cuku in ya sha wuta tsukewa yake."

"Cikinka kuwa sai ya kumbura, ko? To, ba komai. Zan ci na kasko, sannan in ci sauran a inda ka ajiye shi."

Kurege ya dubi ƙofa, Kura a tsaye. Ya dubi raminsa, yana bayan Kura. Wani da sai ya miƙa gurasa ya fara roƙo. Shi kuwa ɗan banza, ransa yake so, gurasar ma bai haƙura da ita ba.

Ya ce, "Duk yadda kika yi daidai ne, Yaya. Sai dai kada ki ci ta haka. Ba a danne ta ba, cukun ɗanye ne, zai ɗaure miki ciki mako guda."

"To danne mana."

"Ni? Dube ni fa. Ko na hau ba za ta san an hau ba. A Azbin manya ke dannewa."

Kura ta miƙa hannu. Ya ce, "A'a! Hannu na yara ne. Raƙumi zama yake a kai. Amma bari kawai, shi Allah ya ba shi wurin zama, ba kowa ke da irinsa ba."

Kura ta ce, "Wannan mai ƙashin bayan ne ya fi ni mazaunai? Matsa!"

Ta juya ta ɗare kan gurasa daram. Ku kuma in na ga wani ya gwada wannan a kaskona, sai na karya shi.

Saman gurasa bai yi zafi ba tukuna. Kura ta ce, "Ɗumi ma ke gare ta." Kurege ya tura ƙirare, yana fifita yana waƙa:

"Danna, Yaya, danna,
Azbin na kallonki."

"Kurege, na fara jin wani abu."

"Shi ne daɗin yake hawowa. Danna, Yaya, danna."

"Kurege, ƙauri nake ji."

"Man shanu ne. Raƙumi sai ya kai waƙa goma bai motsa ba."

Can cuku ya narke, ya tsartu ta gefe-gefe, ya kama gashin Kura ya riƙe. Ta ƙwala ihu ta yi sama, gurasa ta bi ta manne a baya. Ta juya ta cizo, bakinta bai kai ba. Ta sake juyawa, bai kai ba. Ta dinga katantanwa a tsakar zaure, ta ture randa, ta fasa ƙwarya.

"Kurege, cire min! Fizge ta!"

"In fizga? Da fata za ta taho, Yaya. Ki shiga gari baya a saɓule?"

"To yaya ake yi?"

"A Azbin ci ake yi daga jiki, a hankali, har a iso fata. Amma rabonki ne, ni ba na cin haƙƙin maƙwabci."

"Na ba ka! Na yafe duniya da lahira! Ci!"

"Ki rufe ido, ina jin kunya."

Kura ta dafa ƙasa ta rufe ido. Kurege ya yi bisimilla, ya fara daga gefe. Yana ci tana cewa, "Sannu, ɗan albarka." Yana ci tana cewa, "Allah ya biya ka." Ya suɗe cuku tas, har ya ce da an ƙara yaji da ya fi. Sannan ya ce, "Kada ki buɗe ido sai iska ta busa wurin." Ya zagaya ta bayanta, zuruf cikin rami.

Kura na nan a duƙe har la'asar tana jiran iska. Da ta tashi, bayanta ya ƙi miƙewa, haka ta fita tana jan shi ƙasa-ƙasa, kuma har yau haka jikokinta ke tafiya.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓeran da ya leƙa tukunyata.

Abin da za ku riƙe shi ne, in an ba ku saƙo ku kai. In kuma kun cinye, to kada ku ci na ƙarshen a inda Kurege ya ci nasa. Ku tashi ku wanke hannu.