Motar da Aka Hana Durƙusawa

Akwai wani ɗan kwangila da kowa ke kira Dogo. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya danne haƙƙin lebura, ba shi kuma da rowa. Aibinsa guda ne, amma babba: ba ya iya jure a yi masa dariya. Idan wani ya ce agogonsa ya tsufa, kafin mako ya zagayo ya ɗaura sabo. Duk abin da zai yi sai ya fara tambayar kansa me mutane za su ce, kuma mutanen nan ba wasu ba ne illa abokan hirarsa, waɗanda ke taruwa a gaban wani shagon sayar da tayil idan an tashi daga aiki.

Mahaifinsa tsohon direban tirela ne. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai a tsohon gidansu, ya ƙi komawa wurin Dogo, wai ba zai je ya takura wa mutane da tarinsa ba. Ɗakinsa ba komai sai gado, da rediyo, da kujerar roba da yake ja zuwa bakin ƙofa da hantsi. Kulocin tirela ya riga ya cinye masa gwiwoyi, sai da sanda yake miƙewa. Tsaransa duk sun ƙare, saura mutum ɗaya, wanda ake kira Sarkin Musu. Da shi suka yi shekaru suna karɓa-karɓar sitiyari a kan dogayen hanyoyi. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gidan 'yarsa, can ɗaya ƙarshen gari, kunnensa kuma ya yi nauyi har waya ba ta yi masa amfani.

Kowace Asabar Dogo kan ɗauki Baba ya kai shi wurin aminin nasa. A ajiye masa kujera dab da gado, 'yar gidan ta kawo shayi, sai musu ya tashi. Kullum maganar ɗaya ce: wane ne ke riƙe da sitiyari ranar da tirelarsu ta zame ta kwanta a rami da lodin siminti. Kowa ya ce ɗayan ne. Sai sun yi ihu har muryarsu ta dushe, sannan Baba ya dawo gida yana murmushi. Wannan musun shi ne abin da yake jira daga Lahadi har Juma'a.

Ana nan sai Dogo ya sami babbar kwangila, ya sayar da ƙaramar motarsa, ya sayi wata baƙar jif mai tsada. Motar doguwa ce, kuma ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba. Kusa da kowace taya akwai jakar roba mai kauri cike da iska, da wani ɗan inji da ke hura su. Idan tana tafiya sai ta ɗaga. Idan aka tsaya aka kashe ta, sai a ji wani huci a hankali, ta sauke jikinta ƙasa don mai shiga da mai fita su ji sauƙi.

Ranar da Dogo ya fara kai ta ƙofar gidan mahaifinsa, tsohon ya tsaya ya dogara sanda yana kallon tsawonta, yana tunanin yadda zai hau. Sai motar ta yi huci ta sauko. Baba ya fashe da dariya.

"Kai Dogo, ina ka samo mota mai tarbiyya haka? Ta ga babba ta durƙusa."

Ya ɗora ƙafa, ya kama maɗaurin hannu na saman ƙofa, ya shige da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Ranar nan ko maganar tirela ba a yi ba. Musun ya koma kan mota, Sarkin Musu ya rantse ƙarya ce, babu ƙarfen da ke durƙusawa, sai da aka ɗaga masa labule ya gani ta taga. Duk da haka ya ce ai iskar taya ce ta sace.

Abin da ya faranta wa tsofaffi shi ya zama abin tsiya a gaban shagon tayil. Wata yamma Dogo ya faka, motar ta huce ta sauko, sai mai shagon ya tafa hannu.

"Jama'a, ku zo ku ga raƙumin Dogo ya gurfana! A kawo masa ciyawa."

Wani ya ce, "Ba raƙumi ba ne, gajiya ce. Mota tun tana sabuwa ta fara neman wurin zama."

Aka bushe da dariya. Dogo ma ya yi yaƙe, amma maganar ta yi masa zafi. Daga ranar da zarar ya iso sai a ce ga mai raƙumi nan. Su wasa suke yi, sun manta da shi kafin su kai gida. Shi kuwa da abin yake kwana.

Washegari da safe ya nufi garejin mai gyaran irin waɗannan motoci. Makaniken ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya tambaya me ke damun ta.

"Ba abin da ke damunta. Saukar nan da take yi idan na kashe ta, ita nake so ka cire. Ka kuma ƙara mata tsawo. Ina so inda na ajiye ta in dawo in same ta a tsaye."

"An gama, yallaɓai. Sai dai matakin zai yi nisa da ƙasa fa, mai gajeriyar ƙafa zai sha wuya."

"Ka ga na yi kama da mai gajeriyar ƙafa?"

Makaniken ya yi dariya, ya danna abin da zai danna. Ɗan injin ya yi gurnani, motar ta miƙe ta tsaya ƙiƙam. A gaskiya Baba ya faɗo wa Dogo a rai a daidai lokacin. Sai ya ce wa kansa ai mutumin da ya yi rayuwarsa yana hawa kan tirela, wannan ɗan tsawon ba zai gagare shi ba. Da yamma abokai suka ga mota ta ƙi sauka, suka ce yanzu ka sayi mota, Dogo ya ji kansa ya yi girma.

Asabar ta zo. Baba ya fito da wankakkiyar rigarsa, ya tsaya gefen mota yana jiran hucin da ya saba ji. Shiru. Ya dubi ɗansa.

"Yau ba ta gaishe ni ba."

"Gyara aka yi mata, Baba. Ɗan yunƙura kawai, ba wani tsawo ba ne."

Tsohon ya matso kusa da motar. Ya miƙa wa Dogo sanda, ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ta kai matakin da ƙyar, amma da ya zo ɗora nauyinsa sai gwiwar ta ƙi. Ya zame, ƙaurinsa ya bugi ƙarfe, wandonsa ya yage. Maƙwabta na zaune a tsallaken titi suna gani. Dogo ya yi sauri ya rungumo shi ta baya, ya ɗaga shi cak kamar buhu ya ajiye a kujera. Wata mata ta ce, "Sannu Baba, tsufa ke nan." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma da ta yi shiru da ya fi.

Haka suka je suka dawo. Mutumin da a da yake ɗare kan tirela da hannu ɗaya, kofin shayi a ɗayan, yau an ɗauke shi a gaban yaran da aka haifa a idonsa. Abin ya yi masa ciwo fiye da ƙaurin da ya kumbura.

Asabar ta gaba ya ce jikinsa ba daɗi. Ta gaba da ita ya ce akwai shirin da yake so ya saurara a rediyo. Daga nan kullum da dalilin da zai kawo. Dogo ya san ainihin dalilin, ba wai bai sani ba. Amma gyara abin yana nufin komawa mai raƙumi, don haka ya karɓi uzurin tsohon hannu bibbiyu. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, injin na kunne, ya sauke gilashi ya gaishe shi, ya ajiye masa 'ya'yan itace ya wuce.

Baba ya koma zaman kujerar roba. Ya kunna rediyo, mai labarai ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya tuna ba mai mayar masa. Ranar Asabar yakan sa wankakkiyar rigar nan duk da haka, ya zauna da ita har rana ta faɗi, sannan ya cire ya ninke. Kaɗaici ya kama shi sosai, har abincin da ake kawo masa daga gidan Dogo ya fara komawa da saura.

'Yar Sarkin Musu ta kira Dogo a waya.

"Yaya, lafiya kuwa? Babana yana ta cigiyar amininsa. Duk Asabar sai ya sa na juya shi ya fuskanci ƙofa."

"Ayyuka ne suka yi yawa, ƙanwata. Ki ce masa muna nan tafe."

Ya yi niyyar komawa gareji, amma kullum sai ya ce sai wani makon, idan mutanen shago sun manta da zancen.

Wata safiya ta sake kira. Sarkin Musu ya cika da asuba. Dogo ya tuƙa zuwa gidan mahaifinsa, ya durƙusa a gaban kujerar roba ya faɗa masa. Tsohon ya ce a miƙo masa sandarsa. Da suka fito, Dogo ya buɗe ƙofar jif ya matso zai ɗaga shi. Baba ya ɗaga hannu.

"Kar ka taɓa ni. Tsayar mini da tasi."

"Baba, ga mota, me za a ce idan aka gan ka a tasi?"

"Abin da na yi ta gudu ke nan, Dogo. Kana tsammani ban san hanyar gidansa ba ne? Tun makon farko na so in hau tasi in tafi. Sai na ce mutane za su ce ɗansa na da mota irin wannan, ya bar ubansa yana tsayar da tasi a titi. Na san ba ka iya ɗaukar magana. Na zauna don in rufa maka asiri, ina cewa gobe za ka gyara. Yau kam ba zan iya ba."

Tasi ta tsaya, tsohon ya shiga da kansa ba wahala. Dogo ya bi su a baya cikin doguwar motarsa, shi kaɗai, yana hango farin kan mahaifinsa ta gilashin baya na tasi har suka isa.

Bayan an yi jana'iza, 'yar marigayin ta zo ta tsuguna kusa da Baba. Ta ce mahaifinta ya bar masa saƙo: wai a gaya wa tsohon nan, shi marigayin ne ke tuƙi ranar da tirela ta faɗi, ya amsa laifinsa, sai ya zo su rufe maganar. Baba ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"Ƙarya yake yi. Ni ne. So yake kawai in zo."

Dogo bai je shagon tayil ba ranar. Gari na wayewa ya kai motar gareji ya ce a mayar da ita yadda take. Aikin bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba, wannan ma ya ƙara masa baƙin ciki.

Da Asabar ta zagayo ya faka a ƙofar gidan, ya kashe injin. Motar ta yi hucinta a hankali, ta sauko har ƙasa. Ya fito ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya riƙe da ita. Baba na zaune a kujerar roba, rediyo a cinya, babu wankakkiyar riga. Ya dubi motar, ya dubi ɗansa, ba tare da fushi ba.

"Ta durƙusa kuwa. To, ina za mu?"

Dogo ya buɗe baki, ya rasa sunan wuri ko ɗaya da zai ambata. Ya daɗe a tsaye riƙe da ƙofar, sannan ya rufe ta a hankali.

Darasin wannan labari shi ne, kada tsoron dariyar mutane ya sa ka ƙuntata wa wanda ya dogara da kai. Masu yi maka tsiya a bakin shago sun manta kafin su kai gida, amma na kusa da kai shi ke ɗaukar nauyin girman kanka, sau da yawa ma a cikin shiru, don kada ya kunyata ka. Idan tsoho ya fara cewa ba ya jin fita, ka duba da kyau ko kai ne ka ɗaga masa matakin. Kuma abin da ka san gyara shi ya dace, ka gyara shi yau, domin wanda ke jiran ku a ɗaya ƙarshen gari ba lallai ne ya kai wani makon ba.