Shafin da Baban Sabar Ya Riƙe

A kamfaninmu na haɗa manhaja akwai wani dattijo da muke kira Baban Sabar. Shekara goma sha tara ya yi yana kula da sabar, wato manyan kwamfutocin da makarantu ke ajiye sakamakon jarrabawa a ciki. Mutum ne na mutane, kuma yana son kamfanin nan kamar gidan ubansa. Aibinsa ɗaya ne: yana son a neme shi. In ka ce, "Baba, abin ya gagare mu," sai ka ga bakinsa har kunne. Teburina na jikin nasa, don haka gani na yi, ba ji ba.

Da likita ya ce idanunsa sun gaji da hasken kwamfuta, dole ya shirya ajiye aiki. Wadda za ta gaje shi wata uwar 'ya'ya uku ce da ya shekara shida yana koya wa aikin, har muka laƙaba mata Magajiya. Ya rubuta mata littafin jagora mai shafi arba'in, tsaf. Amma akwai shafi na arba'in da ɗaya, shi kuwa ya linke shi ya sa a aljihu.

Abin da ke shafin ba wuya. Duk ƙarshen zangon karatu, in iyaye suka yi ca suna duba sakamako, wata tsohuwar ma'ajiya a cikin sabar takan cika. Sai an share ta da hannu, in ba haka ba komai ya tsaya. Lissafin Baba shi ne za a kira shi, ya zo ya gyara cikin minti biyar, ya sha shayi da mu, a ce har yanzu ba kamarsa.

Ranar bankwana ya miƙa mata littafin a gaban kowa ya ce, "Duk abin da ke kaina yana nan ciki. In wani abu ya gagare ki, to ba ki karanta da kyau ba ne." Muka yi dariya, muka tafa.

Zaman gida ya karɓe shi. Ya shuka tumatir a tsakar gida, ya yi ƙiba, ciwon kai ya tafi. Sai dai waya ba ta barin hannunsa. Matarsa ta gaya mana har banɗaki da ita yake shiga. Ta ce masa, "Malam, wai wayar nan jaririya ce da ba a ajiye ta?"

Zango ya ƙare, shiru. Da ya kasa haƙuri, ranar Alhamis da hantsi sai ga shi wai ya zo gaishe mu. Ya tarar da ofis kamar gidan makoki. Kwana uku sabar na faɗuwa, makarantu sun hana mu sakat da kira, Manajan kamfanin kuma ya ce wa Magajiya in ba ta gyara zuwa Juma'a ba, zai ba wani kujerar.

Baba ya ja kujera kusa da ita ya ce, "Haba 'yata, me ya hana ki kira ni?"

Ta ce, "Da wane ido, Baba? Kai ka ce komai na cikin littafin. Na karanta shi ya fi sau goma. Sai na ce kaina ne ba ya ja. Ban so ka ji cewa shekara shidan da ka yi a kaina ta tashi a banza ba."

Wallahi na ga gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin. Da ya so, da ya zauna ya gyara a yi masa tafi, ita kuwa ta tafi da sunan wadda ta kasa. Bai yi ba. Ya kira Manaja, ya zaro takardar nan da ta tsufa a aljihu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba laifinta. Ni na riƙe wannan don a neme ni. Na ji kunya, ku yafe mini."

Manaja ya ce, "Baba, ai ko ba ka ɓoye komai ba, wa zai manta da kai a gidan nan?"

Magajiya ta karanta shafin, ta gyara da hannunta, Baba na tsaye bai taɓa komai ba. Da sabar ta tashi, shi ya fara tafi. Ita ce ta haɗa masa shayi, ta ce, "Baba, saura shafi nawa a aljihun?" Ya zazzage aljihunan duka biyu, muka fashe da dariya.

Yanzu duk wata yakan leƙo mu da tumatirinsa, ba don wani abu ya lalace ba. Matarsa ta ce wayar takan wuni a kan tebur, sai ta tuna masa.

Mai karatu, in lokacin barin wuri ya yi, ka miƙa amana gaba ɗayanta. Abin da ka riƙe don a neme ka ba ya ƙara maka daraja, wanda ya yarda da kai yake kayarwa. Darajar malami ita ce ɗalibinsa ya tsaya da ƙafarsa bayan ya tafi.