Ƙadangare Mai Kiwon Tsutsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafarta.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma mun shimfiɗa mata.

To ku tura icen nan cikin wuta, ku gyara zama. Ni kaina duk ran da na ba da wannan tatsuniya sai na riƙe baki.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Gwaggo Tabawa. Ba ɗa, ba jika, sai ɗan itacen wardi guda ɗaya a gindin randa. Mijinta bafatake ne, shi ya kawo reshen daga gabas, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya dasa da hannunsa. Da Allah ya yi masa rasuwa, wardin nan shi kaɗai ya rage mata na marigayi. Kullum da safe sai ta ba shi ruwa kafin ita ta sha.

Ana nan, ana nan, damina ta faɗi, sai tsutsa ta sauka a ganyen. Ƙanana ƙanana, koraye shar. Gwaggo ta barbaɗa toka, ruwan sama ya wanke. Ta ce bari ta tsince da hannu, ido ya ƙi, don yanar ido ta rufe shi, da ganye da tsutsa duk ɗaya take gani. Sai ta zauna a kan turmi tana share hawaye da bakin zane.

Ashe Ƙadangare yana bisa katanga yana kallo. Ya sauko sumumu, ya yi sallama, ya durƙusa kamar ɗan kirki. Ya ce cin tsutsa gadon gidansu ne tun kaka da kakanni, kuma shi ba ya son lada, a dai bar shi ya zauna a gindin wardi ya yi aikin Allah. Gwaggo ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe.

Ran farko ya kama tsutsa uku ya haɗiye. Ko a maƙogwaro bai ji wucewarsu ba. Ya yi tsaki, ya haye katanga, ya leƙa gidan maƙwabci. Gidan Mati ne, mai kiwon ragon layya. Ga rago ɗaure a turke, ga dusa, ga harawa, ga kanwa, har wanka ake yi masa da sabulu. Ragon da aka sayo wata huɗu da suka wuce yana ƙashi da fata, yau da ƙyar yake miƙewa don ƙiba.

Ƙadangare ya saki baki. Ya ce a ransa, "Ashe haka mutane suke yi. Ashe ni duk tsawon shekarun nan ramammu nake ci."

Daga ranar bai sake cin tsutsa ko ɗaya ba. Kiwo ya kama. Ku ji fa, mai gadi ya zama makiyayi. Da safe ya kwashe su daga tsohon ganye ya mai da su kan sabon toho mai laushi. Rana ta yi zafi, ya mai da su ƙarƙashin ganye. Tsuntsaye suka zo za su tsince su, ya kore su. Kazar Gwaggo ta matso, ya cije ta a ƙafa. Har suna ya raɗa musu irin na raguna, wannan Balami, wancan Uda. Kullum da yamma sai ya bi su ɗai ɗai yana latsa gadon bayansu yadda ya ga masu sayen rago suna yi, ya haɗiye yawu, ya ce, "Saura kaɗan. Bari dai su ƙara kwana biyu."

Gwaggo takan tambaye shi yaya aiki, ya ce ai tsutsa ta kusa ƙarewa. Ta ce ita tana jin wani ƙus-ƙus a cikin ganye, ya ce ƙarar haƙoransa ce. Ta shafa ganye ta ji huda, ya ce tsohon tabo ne, kuma ma ganye yana son iska. Shi kuwa tururuwa kawai yake lasa don kada ya taɓa garkensa, duk ya rame ya zama igiya. Baiwar Allah da ta shafa bayansa ta ji ƙashi, sai tausayi ya kama ta, ta ce aiki zai kashe ɗan nan.

Tsutsa ta ci, ta ci, ta ci. Kowacce ta yi kamar ɗan yatsa. Ƙadangare ya latsa, ya ce saura kaɗan, bari dai su ƙara kwana biyu. Wata safiya ya tarar duk sun naɗe kansu cikin kwanso, sun rataye a reshe shiru. Ya ce ƙoshi ne ya sa su barci, in sun farka kitse ya kwanta. Ya zauna gadinsu kwana goma.

Ran na goma sha ɗaya Gwaggo ta kawo ruwan safe a buta. Ta ji ba ƙamshi, ta ji ƙus-ƙus ɗin ma ya ɗauke. Ta miƙa hannu ta shafa daga ƙasa har sama. Ba ganye, ba toho, sai tsinke da ƙaya. Butar ta suɓuce daga hannunta. Ta yi salati, ta sake shafawa, ta sake yin salati. Wallahi ni ko a tatsuniya ba na son ganin tsohuwa a irin wannan hali.

Ƙadangare ya zo zai sulale, Gwaggo ta ji motsinsa, ta wawuri ƙwarya ta kife shi, ta danne da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana laluben taɓarya. Ta ce yau sai ta daka shi kamar daddawa.

Ƙwaryar tana da tsaga. Ta nan ya leƙo, kuma abin da ya gani ya fi taɓarya firgita shi. Kwanson nan duk sun fashe. Balami ya fito da fiffike ja, Uda ya fito da fiffike ruwan ɗorawa. Garken da ya yi wata guda yana yi wa bauta da yunwa a cikinsa, kaf ya zama malam-buɗe-littafi. Suka jeru a kan tsinken wardi suna shanya fiffike a hantsi. Ya so ya yi kuka, amma ya ji taɓarya ta gogi ƙasa, sai dabara ta faɗo masa.

Ya ce, "Gwaggo, kafin ki daka ni, ɗaga kanki. Wardinki ya yi fure."

Ta ɗaga kai. Cikin hazon idonta ta ga ja, ta ga fari, ta ga ruwan ɗorawa suna motsi a kan rassan. Tana cikin kallo, sai suka tashi gaba ɗaya, suka yi sama.

Ta ce, "Ina kuma za su?"

Ya ce, "Wurin wanda ya dasa su za su, Gwaggo."

Sai ta ɗauke hannu daga ƙwarya ta kare rana da shi don ta gani sosai. Ƙadangare ya ture ƙwarya, fit, sai bisa katanga. Ita ko waiwayowa ba ta yi ba, hawaye na bin kumatunta.

Ta ce, "Na san ƙarya kake yi, ɗan banza. Shekara saba'in ina ganin malam-buɗe-littafi. Amma yi mini shiru, bar ni in kalla."

Ta kalla har na ƙarshe ya haye bayan gida. Sannan ta ɗauko wuƙa ta datse rassan da suka bushe. Ta jiƙa ganyen darbejiya da dakakken barkono da ɗan sabulun salo a cikin ƙwarya, tana yayyafa wa kututturen da tsintsiya safe da yamma. Kwana bakwai shiru, kwana goma shiru. Ran na goma sha biyar yatsanta ya taɓa toho uku, ƙanana, masu laushi. Ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala.

Kun san mai hali. Ƙadangare ya hango toho, ya sauko sumumu, ya yi sallama, ya ce ya tuba, kuma wannan karon zai yi gadi tsakani da Allah. Gwaggo ta ce ya matso, kunnenta ma ya fara nauyi. Ya matso. Ta ce ya ƙara matsowa. Ya ƙara. Caraf ta cafke wuyansa, ta tsoma kansa cikin ruwan barkono har sau uku, sau ɗaya don kowane toho, ta jefa shi bayan katanga.

Shi ya sa har yau kansa yake ja, kuma in kun gan shi a bango yana ɗaga kai yana saukewa, raɗaɗin ne bai gama fita ba.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare da barkono. In za ku yi kiwo, ku kiwata abin da ba ya tsiro da fiffike. In kuma za ku ɗauki mai gadin da ya ce ba ya son lada, ku fara tambayarsa me yake ci.