Siton da Kowa Ke Cewa Lafiya Lau

Akwai wani mai siton hatsi da ma'aikatansa ke kira Maigida a gabansa, a bayan idonsa kuwa su ce Tsawa. Ba ya iya jin labari mara daɗi bai ɗaga murya ba.

Siton babba ne, buhuna a jibge har sun kusa taɓa rufin kwano. Wata rana mai gadi ya tare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, na ga kashin ɓera a bayan buhunan kusurwa."

"Kai kuma aikin me kake yi? Gyangyaɗi?"

A ranar ya sallame shi, sannan ya sa aka zuba guba.

Da farko da shebur aka riƙa kwashe matattun ɓeraye. Amma ba duka suka mutu ba. Waɗanda suka ɗanɗana kaɗan sun yi ciwo sun tashi, ba su ƙara kusantar kwanon gubar ba. Akwai kuma waɗanda jikinsu ya jure. Su ne suka rayu suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji juriyar. Da tafiya ta yi nisa, gubar da ta kashe kakanni sai jikoki su ci su wuce abinsu.

Ma'aikata ma sun ɗauki nasu karatun. Wanda ya ce rufi na yoyo ya sha zagi. Wanda ya ce komai daidai ya tafi gida da aikinsa. Ba wanda ya zaunar da su ya ce su yi ƙarya, bakinsu ne ya koyi kalmar da ba ta jawo masifa.

Har kalmar ɓera ta ɓace a siton. A tsakaninsu sai su ce "masu gidan".

"Masu gidan sun gama da layin baya," in ji wani lebura, ƙasa-ƙasa.

"Je ka gaya wa Tsawa mana," in ji ɗan'uwansa.

"Ni? Cewa zai yi ni na haife su."

Suka yi dariya, amma daga ranar ba wanda ya ƙara bi ta layin baya. Buhunan ƙasa duk an ƙwaƙule cikinsu, tarin da ke kansu ya fara karkata.

Yayar Maigida ta biyo wata rana. Tana shiga ta toshe hanci.

"Ƙanena, wannan warin fa? Kuma me nake ji yana ƙwas-ƙwas da rana tsaka?"

"Yaya ke nan. Iska ce." Ya juya ga shugaban leburori. "Kai, akwai matsala?"

"Lafiya lau, Maigida."

Ta lura ba wanda ya ɗago kai a cikinsu. Ta juya ta fita.

Ba a jima ba wani mai saye ya zo ganin kaya. Maigida ya ja shi har layin baya don ya nuna masa yawan hatsinsa. Leburori suka tsaya daga nesa. Maigida ya kama kunnen wani buhu ya fara ja.

Shugaban leburori ya buɗe baki. Ya tuna mai gadi, ya tuna yaransa a gida. Kafin ya gama shawara da zuciyarsa, tarin ya taho.

Mai saye ya yi tsalle ya tsira. Maigida kuwa buhuna suka danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Yana kwance cikin ƙura yana kallon ɓeraye suna fita ta ko'ina, manya, masu ƙiba, wasu ta kan ƙirjinsa.

An ceto ransa, amma ƙafa ɗaya ba ta ƙara takawa daidai ba. A asibiti ya ce wa yayarsa, "Duk sun sani. Munafukai, ba wanda ya gaya mini."

"An gaya maka," in ji ta. "Ka kori wanda ya faɗa, sauran suna kallo."

Ya juya fuskarsa ga bango.

Da ya koma sito yana dogara sanda, ya tara su ya ce duk wanda ya san wata matsala ya faɗa. Can shugaban leburori ya yi gyaran murya.

"Sakatar ƙofar baya ta ɗan saki, Maigida."

Duk suka zuba wa fuskar Maigida ido. Ya ji fushin nan na da yana taso masa. Ya damƙe sandar, ya haɗiye.

"Na gode. A gyara."

Sai wani daga baya ya ce, "Katakon da ya riƙe rufin ma ya ruɓe. Wanda kake tsaye a ƙarƙashinsa."

Maigida ya ɗaga kai ya duba. A hankali ya ce, "Kowa ya fita waje."

Darasi: Duk mai rai yana koyo daga abin da ya biyo bayan aikinsa, ɓera ne ko mutum. In ka hukunta mai gaya maka gaskiya, ka koya wa na kusa da kai yin shiru ranar da kake buƙatar gargaɗi. Ka tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, a gida ko a wurin aiki.